Tambayoyi da Amsoshi Kan Ginin Jimlar Turanci da Jituwar Aikau da Aikatau

Kullum bayan la'asar, in ban da Juma'a, ina koyar da Turanci a wani ɗan aji da muke aro a Tudun Wadan Zariya. Masu zuwa iri-iri ne: 'yan sakandare masu jiran WAEC da NECO, waɗanda JAMB ta riƙe wa wuya shekara biyu, ɗaliban Samaru da Kongo da suka samu shiga jami'a amma har yanzu hannunsu na rawa in an ce su cika shafi guda, matan aure da suka dawo karatu, har da wani ɗan kasuwa daga Sabon Gari da ya ce ya gaji da roƙon yaran shago su rubuta masa saƙo zuwa Legas. Fuskoki na canzawa, tambayoyi kuwa su ne dai na bara. Shi ya sa na ga gara in tara su wuri ɗaya.

Kalmomi uku na nahawun Hausa za su yi ta dawowa, a riƙe su tun yanzu. Aikau shi ne mai yin aikin, ko wanda ake magana a kansa. Aikatau shi ne kalmar aikin. Karɓau shi ne wanda aikin ya faɗa wa. Wanda ya yi karatun zaure a cikin Birni ya san su da fa'ili da fi'ili da maf'uli. Abin da malaman Turanci ke kira "concord" kuwa, ni jituwa nake ce masa: aikau da aikatau su tafi tare, tilo da tilo, jam'i da jam'i.

Malam, yaya ake jera kalmomi a jimlar Turanci?

A nan mun yi sa'a. Jerin Turanci da na Hausa ɗaya ne: aikau, sai aikatau, sai karɓau. "Binta ta sayi masara." "Binta bought maize." Balarabe yakan fara da aikatau, Bajapane kuwa sai ya kai ƙarshen jimla yake faɗin nasa. Su ke shan wahalar juya kai, ba mu ba.

Suna a Turanci ba shi da wata alama a jikinsa da ke nuna wa ya yi, wa aka yi wa. Mazauni ne kaɗai ke nunawa. "The dog bit the boy" kare ne ya ciji yaro. Ka sauya musu wuri, yaro ya ciji kare, labari ya kai gidan rediyo.

Bayan karɓau, abin da aka saba shi ne a faɗi yadda aka yi, sai wuri, sai lokaci: "She sold the maize cheaply in Sabon Gari yesterday." Lokaci na iya komawa farkon jimla, ba laifi. Abin da ba a so shi ne a shiga tsakanin aikatau da karɓau. "He speaks English well" ake cewa, ba "He speaks well English" ba.

Inda muka raba hanya da su shi ne sifa da adadi. Mu muna da zaɓi, farar mota ko mota fara. Su a gaba kawai sifa ke zama: "a white car". Adadi kuma mu a baya muke sa shi, sau da yawa ma ba mu damu da jam'i ba: mota uku, buhu goma, shekara biyar. Turanci bai yarda da wannan sauƙin ba. "Three cars", "ten bags", "five years", da "s" ɗinsu cif.

Na rubuta "My father he is a farmer", malaminmu ya ja jan biro a kan "he". Me ya yi zafi?

Wannan ce tambayar da na fi so, don in ka gane amsarta rabin abin da ke ƙasa ya zo da sauƙi.

A Hausa "Audu zo" ba jimla ba ce, sai fa in kiransa kake yi. Dole ka ce "Audu ya zo". Wannan 'yar kalmar, "ya", da masana ke kira lamirin suna, ita ke dakon komai. Ita ke faɗin namiji ne ko mace, ɗaya ne ko da yawa, an yi ne ko za a yi. Shi aikatau yana zaune abinsa kamar maigida: ya zo, ta zo, sun zo, za mu zo, "zo" bai motsa ba. Turanci ya yi akasin haka. Ba shi da wannan ɗan dakon, sai ya ɗora wa aikatau kayan a kai. "Audu comes", "The boys come", "Audu came". To kunnen Bahaushe ya saba jin wani abu tsakanin suna da aikatau. In ya zo Turanci ya tarar da wurin wayam, sai ya ji kamar an bar rami, ya ɗauko "he" ya cike. Shi kuwa Bature gani yake ka kawo aikau biyu a jimla ɗaya. Ko dai "My father is a farmer", ko "He is a farmer". Ɗaya za ka zaɓa.

Haka abin yake a cikin jimla mai "who". "Mutumin da ya zo jiya" yakan fito a takardar ɗalibi a matsayin "the man who he came yesterday". A cire "he", don "who" ta riga ta zauna a kujerarsa.

Ga abin da nake son ka tafi da shi. Kada wani ya ce maka jituwa baƙon abu ne gare ka. Yaro ɗan shekara huɗu a Gyallesu ba zai taɓa cewa "yara ya zo" ba, in ma ya faɗa 'yan'uwansa za su yi masa dariya. Kunnen kana da shi tun kana goye. Wurin saurare kawai za ka canza: a Hausa kana sauraren 'yar kalmar da ke gaban aikatau, a Turanci wutsiyar aikatau za ka kasa wa kunne.

Me ya sa "s" ke nuna jam'i a suna, amma a aikatau sai ta nuna tilo? Wannan ai rainin hankali ne.

Ba rainin hankali ba ne, tarihi ne. Tsohon Turancin da ake yi a Ingila kafin Normandawa su ci ƙasar a 1066 yana da ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa ƙarshen kalma, daban-daban a jikin aikatau: na "ni" daban, na "kai" daban, na "shi" daban, na jam'i daban. A hankali suka yi ta zubewa har guda ya rage. Wajen 1600 ana jin "he goeth" da "he hath" a Landan kafaɗa da kafaɗa da "he goes" da "he has". Mai "s" ɗin daga arewacin Ingila ta gangaro, kuma ita ta yi nasara. Nakan ce wa ɗalibai, tunda 'yar Arewa ce, bai kamata 'yan Arewa su riƙa yar da ita ba. Ita kuwa "s" ta jam'in suna asalinta daban ne. Kama da wane ba wane ba ne.

A aikace, "The boy plays", "The boys play". Kamar babur ɗaya ne a gidan wa da ƙane: in ɗaya ya hau, ɗayan ya taka da ƙafa. Sai dai a yi hattara, dabara ce ba doka ba. "Children" da "men" da "women" jam'i ne ba su da "s", sai "The children play". "Bus" da "Yunus" kuwa tilo ne duk da sun ƙare da ita, sai "The bus leaves". Ma'ana ake bi, ba harafin ƙarshe ba.

"I" da "you" ba sa ɗaukar "s". Kuma duk wannan rigimar a lokaci na sabo take, wato abin da akan yi. In aiki ya shuɗe, kowa "played" ne, sai "was" da "were" kaɗai suka rage da bambanci. Wajen rubutu a kula da "goes", "does", "watches", "carries", da "has".

Akwai kuma laifin baki. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, saboda haka tara baƙaƙe a ƙarshe kamar a "wants" ko "asks" yana yi mana nauyi. Sai mu haɗiye "s" ɗin a magana, abin da baki ya haɗiye kuwa biro ba ya rubutawa. Ka riƙa karanta rubutunka da ƙarfi kana fito da ita, ko da za a ce kana iyayi.

Mutum ɗaya nake yi wa magana. Don me zan ce "you are"?

Don asalin "you" jam'i ce, daidai da "ku". Tilonta "thou" ne, kuma "thou art" ake cewa. Sai Turawa suka fara ce wa manya "you" don girmamawa, kamar yadda kake ce wa mahaifinka "kun tashi lafiya?" Girmamawar ta yi ta yaɗuwa har "thou" ta fita daga maganar yau da kullum. "You" ta cinye gurbin ka da ki da ku baki ɗaya, amma ta riƙe aikatau ɗinta na jam'i. Shi ya sa "you was" ba ta karɓuwa a jarrabawa.

Girmamawar Turanci a nan ta tsaya, kada ka kai ta gaba. Wata ɗaliba ta taɓa rubuta mini "My father are not at home", na tambaye ta, ta ce, "Malam, ai ba zan iya ce wa Baba 'is' ba." Tarbiyyarta ta burge ni, amma makin bai samu ba. Mu muna cewa "Malam suna ciki", "Baba sun fita". A Turanci ko Sarkin Zazzau ne, "The Emir is" za ka ce, kuma ba ka yi rashin kunya ba.

"Audu malami ne" babu aikatau, amma jimla ce. A Turanci fa?

A Turanci babu jimla sai da aikatau. Aikin da "ne" da "ce" suke yi mana a ƙarshe, "am", "is", "are" ke yin sa a tsakiya: "Audu is a teacher." Ga "a" ma ta shigo, wadda ba mu da ita. "She very tall" da "They in the market" gurgun zance ne, sai an sa musu "is" da "are".

Aikau ma dole ne, ko da na bogi. Mu sai mu ce "ana ruwa", "da zafi yau". Su sai sun nemo "it" da ba ta nufin kowa sun ajiye a gaba: "It is raining", "It is hot today". Umarni ne kaɗai ke tafiya ba aikau a fili, kamar "Sit down".

Yaushe ake cewa "there is", yaushe "there are"?

"Akwai" ba ta canzawa: akwai mutum, akwai mutane. Shi ya sa ɗalibi ke kama "there is" ya yi ta tafiya da ita ko'ina. Ka dubi abin da ya biyo baya, shi ne aikau na gaskiya. "There is a student outside." "There are students outside." A hira za ka ji Turawa da kansu suna cewa "there's two people", amma ba su za su duba takardarka ba.

Na ce "The money are finished", aka yi mini dariya. Ba "kuɗi sun ƙare" muke cewa ba?

Haka muke cewa, kuma a nan Hausa ke tura mutum rami. Turanci yana da rukunin sunaye da yake ɗauka kamar ruwa ko gari, abin da ba a ƙirgawa ɗaya biyu. Ba sa ɗaukar "s", ba sa ɗaukar "a", kuma aikatau ɗinsu tilo ne kullum. Waɗanda suka fi kayar da mu su ne "money", "furniture", "luggage", "equipment", "information", "advice". Duba dalili: kayan ɗaki sun iso, kayan tafiya sun ɓace, kayan aiki sun lalace, bayanai, shawarwari. Kusan duk jam'i ne a bakinmu. A Turanci kuwa "The furniture has arrived", "The luggage is missing". In kana son guda ɗaya sai ka ce "a piece of advice". Kalmomin "informations" da "equipments" sun cika takardun ofisoshinmu, amma yawan masu faɗa bai wanke su a wurin mai jarrabawa ba.

Sai masu "s" na yaudara. "News", "mathematics", "physics", "measles" duk tilo ne: "The news is good", ko da labaran sun kai ɗari. A ɗaya ɓangaren, "people", "police", "cattle" jam'i ne ba "s". A nan Hausa ta taimake ka: mutane sun, 'yan sanda sun, shanu sun. "The police are coming." Wando da almakashi da tabarau kuwa mu ɗaya muke gani, su biyu suke gani: "My trousers are new", "The scissors are sharp". In ka sa "a pair of" a gaba, sai su koma tilo.

Adadin kuɗi ko lokaci ko nisa, in dunƙule shi aka yi, tilo ne: "Ten thousand naira is enough", "Four years is a long time". Ba nairorin ake ƙirgawa ba, jimillar ake nufi.

A tambayoyin JAMB jimlar takan yi tsawo har in rasa wane suna zan bi. Ina mafita?

Da gangan suke yi. Turanci wajibi ne ga duk mai rubuta JAMB, tambaya 60 ne daga cikin 180, ga kuma kiredit da jami'a ke nema a WAEC ko NECO, aƙalla C6. Masu tsara tambaya sun san ido yakan kama sunan da ya fi kusa da aikatau, sai su ajiye na yaudara a wurin.

"The basket of mangoes ___ on the table." Ido ya ga "mangoes", hannu ya tafi ga "are". Tsaya ka mai da ita Hausa: kwandon mangwaro yana kan tebur. "Yana" ka ce, ba "suna" ba, don kwandon ake magana. Amsa "is". Wannan ita ce dabarar da na fi dogara da ita: ka tambayi kanka da Hausa, "ya" ne ko "sun"? In dai ba irin su kuɗi da kaya ba ne da muka gani a sama, da wuya ta ba ka kunya.

Dabara ta biyu, ka sa yatsa ka rufe duk abin da ya fara da "of", "in", "on", "from", "who", "which" har zuwa aikatau. "The students from the school behind the motor park ___ late." Rufe tsakiyar, saura "The students are late."

"One of my friends lives in Wusasa." Nan kuskure biyu ake yi: a manta "s" ta "friends", ko a manta ta "lives". Ɗaya daga cikin abokaina yana zaune a Wusasa: abokai da yawa, mai zaman ɗaya ne.

"With", "together with", "as well as", "along with" ba sa mai da tilo jam'i. "The principal, as well as the teachers, is here." Malaman 'yan rakiya ne, kuma ba a ɗaura aure da ɗan rakiya.

Sai tagwayen nan. "A number of students are absent" na nufin ɗalibai da dama, jam'i. "The number of students is small" na nufin adadin, lamba ɗaya, tilo.

"And" da "or" fa?

"And" tana tarawa: "Audu and Binta are here." Sai in abu biyun sun zama ɗaya a ido, kamar "Rice and beans is my lunch", plate ɗaya ne na shinkafa da wake. Haka "The imam and teacher has come" mutum ɗaya ne mai hula biyu. In ka maimaita "the", "the imam and the teacher", sun zama biyu, sai "have".

"Or" da "nor" ba sa tarawa. Aikatau na bin wanda ya fi kusa da shi: "Neither the teacher nor the students were there", amma "Neither the students nor the teacher was there". In jimlar ta yi maka wani iri a kunne, ka sa jam'in a ƙarshe.

Wani abu da littattafan Turanci ba za su faɗa maka ba, don ba su san Hausa ba. "Mun je kasuwa da Audu" mu biyu ne kawai, ni da shi. In ka ce "We went to the market with Audu", Bature zai ƙirga aƙalla mutum uku. Abin da kake nufi shi ne "Audu and I went" ko "I went with Audu". "Su Audu sun zo" ma ba ta da gajeriyar hanya, sai "Audu and the others have come".

"Everybody" ai mutane da yawa ne. Don me "is"?

Kai ma "kowa ya zo" kake cewa, ba "kowa sun zo" ba. Haka "everyone", "somebody", "nobody", "each", "every student". Duk tilo. "Everybody has brought their book" kuwa daidai ce a Turancin yau, "their" ɗin hanya ce ta kauce wa zaɓar namiji ko mace, amma "has" na nan daram.

Me ya sa nake ce wa mota "she"?

Don mota mace ce a Hausa, mota ta lalace. A Turanci abin da ba mutum ba "it" ne. Abokan wasanmu Kanawa suna tsokanar mu wai Bazazzagi ba ya bambance "ne" da "ce", sai ya ce "mota ne", "rigan Audu". Ni kuwa nakan ce musu ai mun riga su isa Ingila ne, inda mota ba namiji ba mace.

Wanne ne daidai, "Does he goes" ko "Does he go"?

Na biyun. Kayan jituwa mutum ɗaya ke ɗauka a jimla. In mataimaki ya shigo, wato "do", "does", "did", shi ke karɓar kayan, babban aikatau ya koma tsurarsa. "He goes", "Does he go?", "He does not go". "She went", "Did she go?", "She did not go". "Did you went" kamar sa hula biyu ne a kai ɗaya. "Can", "will", "must", "should", "may" kuwa ba ruwansu da "s", wanda ya biyo su ma ba ruwansa: "She can drive."

Tambaya a Hausa murya ce kawai ke tashi: ka ci abinci, ka ci abinci? Turanci sai ya fito da mataimaki gaban aikau: "Have you eaten?", "Where are you going?" Amma in tambayar ta shige cikin wata jimla, jeri ya koma yadda yake: "I asked him where he was going", ba "where was he going" ba.

A kula da wannan kuma, don ya taɓa sa wani ɗalibina kwana da yunwa a gidan baƙi. In aka ce maka "ba ka ci ba?" sai ka ce "eh", ma'ana ban ci ba. A Turanci "yes" na bin abin da ya faru ne, ba tambayar ba. "Haven't you eaten?" In ba ka ci ba, "No, I haven't". Shi ya ce "yes", aka kwashe kwanuka.

"The team is" ko "the team are"?

Duka biyun suna yiwuwa. Mutanen Ingila sukan ce "are" in 'yan ƙungiyar suke kallo ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa masu sharhin ƙwallo ke cewa "Arsenal are winning". Amurkawa sun fi son "is". A jarrabawa ka ɗauki tilo in ƙungiyar na aiki da murya ɗaya, "The committee has decided", jam'i kuma in kansu ya rabu, "The committee are divided". Kada dai ka fara da "is" ka ƙare da "their".

Na ga "If I were you" a littafi. Kuskuren bugu ne?

A'a. Ana sa "were" ga kowa in abin da ake faɗa ba haka yake ba, irin "da ni ne kai" namu. "If she were here, she would help."

Malam ya ce jimlolina ba su cika ba, wani lokaci kuma ya ce sun yi tsawo. Wanne zan kama?

Cuta biyu ce daban. Ta farko, ka fara da "because", "when", "although" ko "if" sannan ka sa aya kafin maganar ta sauka. "Because the road was bad." To sai me ya faru? Ko a Hausa in ka ce "da na isa Kwangila" ka yi shiru, jiran ka za a yi. Irin wannan sashen jingina yake nema: "Because the road was bad, we arrived late."

Ta biyu daga salon hirarmu ta fito. Bahaushe na iya jan labari da "sai, sai, sai" daga Ƙofar Doka har Shika bai tsaya ba, kuma ya yi daɗi. In aka juye shi zuwa Turanci sai ka ga shafi guda da waƙafi ashirin ba aya ko ɗaya. Duk inda sabon aikau ya zo da nasa aikatau, ko ka sa aya, ko ka kawo mahaɗi irin "and", "but", "so". Waƙafi shi kaɗai ba ya ɗaure jimla biyu.

Mahaɗi kuma ɗaya ya isa. Mu "ko da yake ya gaji, amma ya zo" muke cewa. A Turanci "although" da "but" kishiyoyi ne, ba sa kwana ɗaki ɗaya: "Although he was tired, he came."

Kowa na rubuta "Am coming" a WhatsApp. Laifi ne?

Tsakaninka da abokinka ba mai kama ka. A wasiƙar neman aiki kuwa ka yar da aikau ke nan, "I am" ko "I'm" ake so. Matsalar ita ce yatsan da ya saba a waya shi zai riƙe biro a ɗakin jarrabawa. Sannan "I am coming" na nufin ga ka nan tafe. "Ina zuwa" da muke faɗa muna fita, Turancinta "I'll be back".

A ba mu gwaji mu gani, Malam.

Ga biyar. A zaɓa kafin a leƙa ƙasa.

1. The bags of rice in the shop is/are wet.
2. Neither the passengers nor the driver was/were hurt.
3. Fifty thousand naira is/are too much for this phone.
4. Everybody in the two classes has/have paid.
5. She is one of the nurses who works/work at Shika.

Ta farko "are", buhunan ne suka jiƙe. Ta biyu "was", direba ya fi kusa. Ta uku "is". Ta huɗu "has", kada azuzuwa biyun su ruɗe ka.

Ta biyar ce ke raba aji biyu duk shekara. Yawanci "works" suke ɗauka, don na koya musu "one of my friends lives", sai su ga kamar ita ce. Ba ita ba ce, "who" ta shigo. Mai da ita Hausa ka ji: tana ɗaya daga cikin ma'aikatan jinya da suke aiki a Shika. "Suke" ka ce. Amsar da mai jarrabawa ke nema "work" ce. In kuwa aka ce "the only one of the nurses who", ita kaɗai ce take aiki a can, sai "works" ta dawo.